Babur mai caji a Haɗeja: inda yake biya da inda zai ajiye mutum a hanya

Duk matashin da ke leƙa TikTok ko Facebook a 'yan watannin nan ya ci karo da bidiyon babur mai amfani da lantarki. Mai tallar zai murɗa hannu, babur ya zarce ba ƙara ba hayaƙi, sai ya waiwayo ya ce an yi bankwana da gidan mai. A gari irin Haɗeja, inda babur ne ƙafar ɗan acaɓa da manomin rani da ɗalibi da ɗan kasuwar kifi, wannan magana tana shiga kunne.

Dalilin a fili yake. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. Ɗan acaɓan da ke biyan balas kullum ya fi kowa sanin abin da hakan ya yi wa aljihunsa.

To amma kuɗin sayen babur ba kuɗin wasa ba ne. Wani amfanin gonarsa na shekara zai sayar, wani bashi zai ci. Don haka ya kamata a yi lissafi kafin a yi ciniki. Abin da lissafin ke nunawa shi ne: babur mai caji yana biya a zirga-zirgar cikin gari da garuruwan kusa, matuƙar mai shi yana da tabbataccen wurin caji. A doguwar tafiya kuwa, har yanzu mai fetur ne a gaba, kuma da rata mai yawa.

A fara da fahimtar batir

Wanda ya taɓa sayen fawa banki da aka rubuta masa 50,000mAh, ya zo gida ya ga ko waya uku bai cika ba, ya riga ya san rabin darasin. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban.

Batirin babur yana zuwa da lambobi biyu, misali 72V da 40Ah. Idan aka ninka su za a samu 2,880, wato kusan yunit uku na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a mitar kati. Batirin waya mai 5,000mAh yana riƙe kusan 19 a wannan ma'auni. Ke nan batirin babur ɗaya daidai yake da na waya kusan 150.

Babur mai girman Boxer, a tafiya matsakaiciya kan kwalta, yana cin kusan yunit ɗaya a kowane kilomita 25 zuwa 30. Batirin da aka ambata zai kai shi kilomita 70 zuwa 85 kafin ya mutu. Idan mai sayarwa ya ce batir mai wannan girma zai yi kilomita 150, to da mutum ɗaya mara nauyi aka gwada, a hanya mai laushi, ana tafiyar hawainiya. A ɗora fasinja biyu ko buhun shanshera, a shiga burji ko rairayi, nisan zai ragu sosai.

Wannan ninkin lambobi biyu shi ne makami na farko na mai saye. Ba ya buƙatar komai sai kalkuletar waya.

Lissafin cikin gari

A ɗauki ɗan acaɓan da ke yin kilomita 80 a rana tsakanin kasuwa, tasha, asibiti da unguwanni. Idan babur ɗinsa yana yin kilomita 40 a lita, yana shan lita biyu. A farashin naira 1,000, naira 2,000 ke nan kullum.

Wannan tafiya a babur mai caji za ta ci kusan yunit uku, idan aka haɗa da abin da caja ke ɓatarwa ta hanyar zafi a ce yunit uku da ɗigo uku. Ko da a farashin rukunin Band A ne, wanda shi ne mafi tsada tun da hukumar NERC ta ɗaga shi sama da naira 200 a watan Afrilun 2024, kuɗin bai wuce naira 700 ba. Bambancin naira 1,300 ne a rana. A kwana 26 na aiki ya kusa naira 34,000, a shekara ya haye naira 400,000.

Ban da wannan, babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireta, babu kulochi. Abin da ya rage shi ne taya, birki, da sarƙa ga masu sarƙa. Dalilin wannan rata kuwa kimiyya ce zalla: injin fetur yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man a matsayin zafi, shi ya sa salansa ke ƙona ƙafa, alhali injin lantarki yana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na wutarsa zuwa juya taya. Kuma idan babur mai caji ya tsaya jiran fasinja, ba ya shan komai.

Ga ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 20 a rana, caji ɗaya zai kai shi kwana uku. Malam Madori da Auyo ma suna cikin iyakar zuwa da dawowa ba tare da fargaba ba. Kafin Hausa, inda Jami'ar Sule Lamido take, ta kusa bakin iyaka: za a je a dawo da caji ɗaya, amma idan da goyo da gudu, gara a ɗan jona a can.

Ina wutar take?

A nan ne lissafin da ke sama yake iya rushewa. Duk ribar da aka ambata ta ginu ne a kan samun wuta ta awa huɗu zuwa biyar kowace rana, domin caja ta gida mai ba da kusan wat 800 tana buƙatar wannan lokacin kafin ta cika batir. Mazaunin Haɗeja ya san yadda wutar KEDCO take zuwa da yadda take tafiya. Ya kuma tuna watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa jihohin Arewa da yawa cikin duhu na fiye da mako guda. Ɗan acaɓan da abincin gidansa ya dogara da soket ɗin bango, a irin wannan mako sai dai ya zauna.

Wani zai ce ai akwai janareto. Ƙaramin janareto yana fitar da yunit ɗaya zuwa biyu ne daga litar fetur. Cika batirin nan zai ci lita biyu ko fiye. Wato man da aka guje wa a tanki, shi aka zuba a janareto, ga ƙara, ga awanni na jira. Duk wanda zai riƙa cajin babur da janareto, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Sola ce amsar gaskiya, kuma Jigawa tana da rana. Farantin sola ɗaya mai wat 550 yana iya ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini, don haka faranti biyu sun isa batir ɗaya, sai dai a lokacin hunturu ƙura tana rage musu ƙarfi idan ba a goge su. Matsalar ita ce lokaci. Rana tana haskawa ne daidai lokacin da ɗan acaɓa yake kan hanya yana nema. Da daddare da babur ya huta, ranar ta faɗi. Mafita ita ce batir biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji, kuma batir shi ne ɓangare mafi tsada a jikin babur ɗin.

Wanda ya fi kowa dacewa a nan shi ne manomin rani da ya riga ya sa famfon sola a gonarsa a yankin Auyo ko bakin kogi. Da safe ya je gona, babur ya yini a ajiye a gindin bishiya, farantan kuma suna nan. Idan aka haɗa masa na'urar da ta dace, abin hawansa ya koma kusan kyauta.

Doguwar tafiya

Daga Haɗeja zuwa Kano ta Gujungu kusan kilomita 200 ne. Tankin Boxer yana ɗaukar kusan lita 11, wanda ya isa zuwa da dawowa. Idan mai ya ƙare, ko gidan mai babu, akwai ɗan bumburutu da kwalabensa a kusan kowane ƙauye, minti biyu an zuba an wuce.

Babur mai caji kuwa yana da abokin gaba a babbar hanya: iska. Turjiyar iska tana ƙaruwa ninki huɗu idan aka ninka gudu sau biyu. Batirin da ke yin kilomita 80 a cikin gari zai iya tsayawa a kilomita 60 idan aka riƙe gudun 70 zuwa 80 a awa. A tafiyar Kano sai an tsaya caji sau biyu ko uku, kowanne kusan awa huɗu, idan ma an dace da wuta a inda aka tsaya. Tafiyar da mai fetur zai gama kafin azahar za ta iya kai mai caji kwana a hanya.

Akwai labarin da masu talla ke son kawowa. A ƙarshen 2024 wani babur ɗin kamfanin Roam na Kenya ya tashi daga Nairobi ya isa Stellenbosch a Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 6,000, da wutar rana kaɗai. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma motoci ne suka raka shi ɗauke da farantan sola da batura, ana caja masa wani yayin da yake tafiya da wani. Gwajin ya nuna injin yana da juriya. Bai nuna cewa mutum ɗaya da batir ɗaya zai tashi daga Haɗeja ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo ya kwana a gida ba.

Haka abin yake ga mai zuwa Guri, Kirikasamma, Birniwa ko Nguru da kaya. Idan mai ya ƙare a hanyar fadama, wani zai kawo lita ɗaya a jarka. Idan batir ya mutu, sai tura ko neman amalanke.

Ruwa, zafi da rairayi

Yankin Haɗeja yana da nasa jarrabawar da babu ita a bidiyon talla. Kogin da ya taso daga Kano, bayan madatsun Tiga da Challawa, yana bazuwa a fadamu kowace damina, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwan. A 2020 da 2022 ambaliya ta shafe hanyoyi da gonaki a masarautar, jama'a suka kwana suna ɗaure jinga da buhunan ƙasa. Ko a shekarar da babu ambaliya, mai babur ya saba ratsa ruwan da ya kai gwiwa.

Babur ɗin fetur idan ya sha ruwa, bakanike zai kwance fulogi, ya zubar da mai, ya tashe shi. Batirin da ruwa ya shiga kuwa ya lalace, kuma yana iya kamawa da wuta daga baya. Shi ya sa lambar IP67 take da muhimmanci: ma'anarta ƙura ba ta shiga, kuma kayan zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A tambaya ko batir da injin da akwatin sarrafa wuta duk suna da ita. Baburan da injinsu ke cikin tayar baya sun fi kusa da ruwa da laka, kuma sun fi shan wahala a rairayi da kaya mai nauyi. Masu inji a tsakiya da sarƙa sun fi dacewa da hanyar ƙauye.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yana haye digiri 40, batirin lithium kuwa ba a son cajinsa idan ya wuce digiri 45. Wanda ya dawo daga aiki da tsakar rana ya jona nan take a ɗaki mai rufin kwano yana rage wa batirinsa kwana. A bar shi ya huce a inuwa tukuna. Kada a caja shi a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar fita, kada kuma a yi amfani da cajar da ba tasa ba.

Nau'in batir ma yana raba gardama. Mafi yawan baburan da ake sayarwa da araha suna zuwa da batirin dalma, ɗan uwan na mota, wanda ke gajiya bayan caji 300 zuwa 500. Ga mai caji kullum, shekara ɗaya ke nan ko ta ɗan gota. Nau'in lithium da ake kira LFP yana iya kai caji 2,000 ko fiye, kuma ya fi sauran jure zafi. Wanda ya sayi na dalma domin acaɓa, ribar da ya tara daga fetur ita zai mayar wajen sabon batir. Araha ba ta ado.

Abin da wasu wurare suka yi

Inda babur mai caji ya kama ƙasa a Afirka, hanya ɗaya aka bi: musayar batir. A Kigali ta Ruwanda, 'yan acaɓan da ke amfani da baburan Ampersand ba sa jiran caji. Suna shiga tasha, su ajiye batirin da ya ƙare, su ɗauki cikakke, su biya, cikin 'yan mintuna. Batirin na kamfani ne, don haka tsufansa ba matsalar mahayin ba ce. Tsarin ya yi ƙarfin da daga Janairun 2025 gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Kamfanin Spiro yana irin wannan aiki a Benin da Togo da wasu ƙasashe, ya kuma shigo Najeriya ta jihar Ogun.

Misalin da ya fi kama da Haɗeja shi ne ƙauyen Gbamu Gbamu a Ogun, inda kamfanin MAX ya gwada baburansa ta hanyar dogaro da ƙaramar tashar sola ta ƙauyen. A Arewa ma an fara: a Kano matan ƙungiyar Mata Zalla suna tuƙa adaidaita sahu masu lantarki, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen haɗa motocin haya masu caji.

Masu cewa "wutar ma babu, ina za a ga babur mai caji" suna da hujja, amma sun manta tarihin wayar da ke hannunsu. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001 wuta ba ta fi ta yau ba. Abin da ya faru shi ne shagunan cajin waya suka ɓullo a kowane lungu, da janareto da farko, yanzu da sola. Shagon musayar batir shi ne shagon cajin waya da ya girma. Da za a samu irinsa a Haɗeja, Malam Madori, Auyo, Kafin Hausa da Gujungu, da maganar doguwar tafiya ta sauya.

Sai dai akwai tarko. Kowane kamfani yana ƙera batirinsa yadda ba zai shiga babur ɗin wani ba, kamar cajojin waya kafin zuwan USB-C. Yawancin baburan da ake bayarwa a biya kaɗan-kaɗan kuma suna da na'urar da kamfani zai iya kashe su daga nesa idan aka yi jinkirin biya. Idan kamfanin ya tattara ya bar gari, mai babur ya rage da ƙarfe. Wannan sai a karanta shi a takardar yarjejeniya kafin a sa hannu.

Wa ya kamata ya saya yanzu?

Wanda tafiyarsa ta kullum ba ta wuce kilomita 50 zuwa 60 ba, yana da sola a gida ko a wurin aiki, kuma zai iya sayen mai batirin LFP, wannan zai ga amfani. Ɗan acaɓan da ke yini yana aiki ba tare da batir na biyu ko wurin musaya ba, ya ɗan dakata. Mai bin kasuwannin mako-mako da mai shiga ƙauyukan fadama da kaya, ya riƙe Boxer ɗinsa.

Duk wanda ya yanke shawarar saye, ya tafi da tambayoyi biyar. Mene ne V da Ah na batirin? Dalma ne ko LFP? Garantin batirin na wata nawa ne, kuma a rubuce yake? Nawa ne sabon batir idan wannan ya mutu? A ina ake samun kayan gyara, kuma wa ke gyarawa? Sannan ya nemi a bar shi ya gwada da goyo a kan burji, yana kallon yadda cajin ke sauka. Dillalin da ya ƙi amsa waɗannan, kyan ɗan maciji yake sayarwa.

Ga gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin masarautar, kuskuren da ya kamata a kauce wa shi ne sayo ɗaruruwan babura a raba a filin taro babu wurin caji. Cikin shekara guda za su koma jingine a soraye. Kuɗin ya fi amfani a tashoshin musaya masu sola a tasha da kasuwa, da sharaɗin cewa batirin ya zama iri ɗaya da kowa zai iya amfani da shi, da kuma horar da bakanikai a Kwalejin Binyaminu Usman, domin gyaran wannan babur ya fi kusa da aikin mai gyaran waya da inbata fiye da na mai kwance inji. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ƙofar a buɗe take.

Matasan da ke gyaran waya, da masu haɗa sola, da masu rubuta manhaja a Haɗeja su ma suna da rabo a ciki. Wani zai buɗe shagon musaya, wani zai ƙware a auna lafiyar batir, wani zai rubuta manhajar da za ta nuna shagon da ke da cikakken batir, har da lambar dannawa ga mai ƙaramar waya. Har zuwa lokacin da hakan zai samu, shawara mafi sauƙi ga mai sha'awar babur mai caji ita ce ya fara tanadar wurin caji, sannan ya je sayen babur.